Sabuwar Muryar Tartsatsi

Shafi na 27

Masu aiko mini da saƙo wai na bar Tartsatsi a ƙofar filin wasa na gudu, ku yi haƙuri. 'Yata ce ta tsoma wayata a bokitin wanki, sai yanzu ta bushe. Sababbin shigowa kuma ku matso kusa: Tartsatsi mawaƙiyar hip-hop ce da aka yi wa aiki a maƙogwaro, ta yi wata da watanni ba ta hau dandamali ba. Yau ce ranar dawowarta.

*

Gwajin sauti ake yi. Ba a buɗe ƙofa ba tukuna, amma hayaniyar masu layi a waje har ta cika filin.

Tartsatsi ta tsaya a tsakiyar dandamali, ta gyara abin ji a kunnenta, ta ɗaga wa DJ Kunnuwa hannu.

"Sako mini waƙa ta farko."

Kiɗa ya shigo. Ta ja numfashi za ta kama baiti, sai ta ji wata ta riga ta.

Muryarta ce. Tsohuwar. Siririyar nan mai kaifi da ta sa aka san ta.

Ta sauke makirufo daga bakinta. Waƙar ta ci gaba abinta, babu ko gargada.

"Kashe."

Kunnuwa ya yi kamar bai ji ba.

"Na ce ka kashe!"

Ya kashe. Ta sauko ta nufi teburinsa. Shekara da shekaru suna aiki tare, bai taɓa kasa kallon idonta ba sai yau. Ya duƙufa yana murɗa wani maɓalli da babu abin da ya same shi.

"Mene ne wannan?"

"Ranki ya daɗe, kuskure ne..."

"Sako ta biyu."

Bai motsa ba.

"Ita ma da muryar a ciki, ko?"

"Duka," ya ce a hankali. "Duka an saka. An ce ke dai ki riƙa motsa baki, ni in kula da sauran."

"Wa ya ce?"

Ya share zufa da gefen rigarsa.

"Wallahi ni ɗan aike ne. Ki tambayi Yayanki."

*

Ɗakin shiri ƙarami ne: madubi mai fitilu a gefe, kujerun roba, da fanka mai ƙara. Umma na zaune da allura tana ƙara wa jar rigar wasan maɓalli. Tela ce, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa zuwa wasan 'yarta ba. Yau da kanta ta ɗauki jaka ta ce a tafi da ita.

Yaya na tsaye yana waya. Shi ne manajanta tun ba ta da ko takalmin hawa dandamali.

Tartsatsi ta turo ƙofa, ta zare wayar daga kunnensa ta kife a kan tebur.

"Ke Auta, lafiya? Da mai taron nake magana fa."

"Yaya, ni ce zan yi waƙa yau, ko na'ura?"

Ya miƙa hannu zai ɗauki wayarsa.

Umma ta ɗago. "Wace na'ura kuma?"

"Tambaye shi, Umma. Ya sa an zuba tsohuwar muryata a cikin kiɗa. Wai in hau in riƙa tauna iska, mutane su yi tafi."

"Kowa yana yi," in ji Yaya. "Kowa. Har waɗanda suka fi ki suna."

"Ni ba kowa ba ce."

"Na yau ne kawai, kafin muryar ta gama dawowa."

"Yaushe za ta dawo?"

"Likita ya ce a hankali..."

"Haka kake ce mini tun ban iya magana, ina rubutu a tafin hannu. A hankali, a hankali. Na sha ruwan ɗumi har na gaji, na daina sanyi, na daina ihu, ko dariya sai na auna. Kullum da safe in gwada, in ji ta kamar ana jan buhu a kan siminti. Kalle ni, Yaya. Yaushe?"

Ya kalli fanka.

Umma ta soke allurar a jikin rigar, ta ajiye.

"Babba, da kai ake. Ranar da likita ya kira ka ofis kai kaɗai, me ya faɗa maka?"

Yaya ya jawo kujera ya zauna kamar an zare masa laka.

"Ya ce ba za ta dawo ba."

Ya ci gaba, kansa a ƙasa.

"Ya ce ciwon ya warke sarai. Amma waccan muryar ta tafi. Wannan da kike da ita yanzu, ita ce taki har ƙarshen rayuwa."

Tartsatsi ta dafa tebur. Ta ga kanta a madubi, ta kau da kai.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin a sallame ki."

"Ka bar ni ina jira."

"Auta..."

"Ka bar ni ina jiran abin da ka san ya mutu! Kullum kai ne mai kawo mini flas ɗin ruwan ɗumi, kai ne mai cewa yau ta fi jiya!"

"To me zan ce miki?" Muryarsa ta tashi. "Kina kwance da bandeji a wuya, kina kallona da idanun nan, in ce miki shi ke nan? Kin ga abin da Kurciya ta rubuta a shafinta. Ta ce kin ƙare, ta ce in kin isa ki buɗe baki a gaban jama'a. Wannan fa wadda kuka fara waƙa tare ce, kuka raba katifa ɗaya. In ita ta faɗi haka, me na waje za su ce? Kuma tana nan yau, bayanki za ta hau. So kike ki tsaya a gaban dubban mutane murya ta shaƙe, su ɗauka a waya, su yi ta yawo da ke? Ni ba zan iya kallo ba. Wallahi ba zan iya ba."

Ya rufe fuska da hannu.

Tartsatsi ta matso kusa da shi. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Tambaya ɗaya. Likita ya ce in na yi waƙa zan ji ciwo?"

"A'a."

"Ya ce jini zai fito? Ya ce ɗinki zai buɗe?"

"A'a. Ya ce ki yi abinki, kada dai ki ƙure."

"To ashe ba wuyana kake karewa ba. Kunya kake ji."

"Ba haka ba ne!"

"Haka ne mana," in ji Umma.

Duka suka juya.

Umma ta miƙe, ta kakkaɓe rigar, ta ɗaga ta tana duba maɓallin.

"Ni dai ban san kan wannan waƙar taku ta sauri ba. Tun tana ƙarama nake cewa ta rage surutu, ba ta rage ba, har surutun ya zama sana'a. Amma na bar kekena da ɗinkin mutane na zo nan don in ji 'yata. Da rediyo nake son ji, akwai shi a shago."

"Umma, ba ki san mutanen nan ba..."

"Na san wadda na haifa. Ranar da ta zo duniya ma da shaƙaƙƙiyar murya ta zo, kuma sai da duk layin ya san an yi haihuwa." Ta buɗe rigar. "Zo ki sa, Auta. Hannun dama tukuna."

Tartsatsi ta zura hannu. Hawaye ya zubo mata, ta share da sauri don kada kwalliya ta ɓaci.

"Yaya, je ka ce wa Kunnuwa ya cire."

"Babu lokaci. Kiɗan da babu murya yana can a sutudiyo, ban taho da shi ba."

"Da gangan?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta yi wata 'yar dariya mai kaushi.

"To Kunnuwa ya zauna ya huta. Babu kiɗa zan hau."

*

Rana ta karkata, filin ya cika har kan katanga. Mai gabatarwa ya ja sunanta, ihu ya tashi kamar za a tsaga wurin.

Ta fito cikin jar riga. Wayoyi suka ɗaga sama.

Aka jira kiɗa. Kiɗa bai zo ba.

Ta kai makirufo baki.

"Sannunku."

Kalma ɗaya ce, amma ta fita da kauri da kaushi, ta daki lasifika ta dawo. Na gaba suka kalli juna.

"Kai, mura take yi?" wani ya ce da ƙarfi.

Aka yi dariya. Wani daga baya ya yi fito.

"A sako kiɗa mana!"

Ta buɗe baki za ta fara, muryar ta maƙale, sai wani ɗan tari ya fito. Dariyar ta ƙaru. Robar ruwa ta faɗo kusa da ƙafarta.

Ta sunkuya ta ɗauka, ta duba, ta buɗe ta kurɓa.

"Na gode," ta ce. "Dama ƙishi nake ji. Mai jifa, in da lemo ma a turo."

Wannan karon dariyar ta canza. Har da tafi.

"Kun ji muryar nan? Ba mura ba ce. Ba za ta wuce gobe ba. Ni ma yau na sani. An ce in sako muku tsohuwar in riƙa motsa baki, ba za ku gane ba. Na ce mutanen da suka tsaya cikin rana tun safe ba su cancanci ƙarya ba. Wanda ba zai iya ji ba, ƙofa a buɗe take, ba zan yi fushi ba."

Babu wanda ya motsa.

Sai ta ji wani sauti daga gefen dandamali.

Dum. Dum-tak. Dum. Dum-tak.

Ta waiga. Yaya ne a durƙushe, ya kifa akwatin kayan sauti yana duka da tafin hannu, kamar yadda yake buga mata bokiti a bayan shagon Umma suna yara. Bai ɗago ba. Rigar manajan ya cire ya yar a ƙasa.

Ta gyaɗa kai sau ɗaya, sau biyu. Ta shiga.

"Sun ce Tartsatsi ta mutu, toka ce ta rage,
To a matso a taɓa tokar, mu ga wa zai dage.
Wuƙa ta shiga wuyana, ta fito ban karye ba,
An yanke mini tsoka, ba a yanke mini magana ba."

"Eeeh!" in ji wasu 'yan mata a gaba.

"Muryar da kuka sani ta tafi, Allah ya jiƙanta,
Wannan ƙanwarta ce, ba ta da kunya irin tata.
Ta fi ta kauri, ta fi ta nauyi, ta fi ta faɗa,
Ba roƙon tafi ta zo ba, gaskiya ta zo faɗa."

Filin ya ɗauka. Tafi ya fara daga gaba, ya bi sahu-sahu har kan katanga, ya hau kan bugun Yaya daidai. Dubban hannaye, bugu ɗaya. Masu gadi da aka sa su juya wa dandamali baya, su ma kafaɗunsu na motsi.

Abin da ya ba ta mamaki, muryar ba ta gudu ba. Tsohuwar sama take tashi, sai ta bi ta da kyar. Wannan a ƙasa take zaune, daga ƙirji take fitowa, duk kalmar da ta ajiye sai ta zauna daram. Ta rage gudu, ta bar kowane baiti ya sauka. Ta ji katakon dandamali na rawa a ƙarƙashin takalminta.

"Na kwanta ban da baki, cokali ne kakakina,
In buga a jikin kofi, Umma ta san nufina.
Ana ta rubutu a kaina, wai an rufe shafina,
Ni kuwa ina kwance ina jera baiti a ƙirjina."

Ta miƙa makirufo ga jama'a.

"Wa ya faɗa?"

"Ke kika faɗa!"

"Da me na faɗa?"

"Da bakinki!"

"Ban ji ba! Da me?"

"DA BAKINKI!"

Kunnuwa ya kasa zama. Ya cire abin kunnensa ya hau kan kujera yana tafi. Mutumin nan da ya ce mura take yi, an ɗaga shi a kafaɗa, shi ya fi kowa buɗe maƙogwaro.

Ta shiga tsofaffin waƙoƙinta ɗaya bayan ɗaya. Inda a da take ƙure murya, sai ta yi shiru ta nuna su da yatsa, su cike mata. Inda ba su zata ba, sai ta sauko ƙasa da murya, ihu ya sake ɓarkewa. Waƙar da ta yi tana budurwa a kan yarinyar da aka hana magana a gida, yau da ta rera ta da wannan muryar, wata mata mai goyo a gaba ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Da ta kai ƙarshe, ta je gefe ta kamo hannun Yaya. Tafinsa ya yi jawur, ya kumbura.

"Sake ni, Auta," ya ce. "Ban cancanta ba."

"Za mu yi wannan faɗan a gida. Taso."

Ta jawo shi tsakiya ta ɗaga hannunsa sama.

"Wannan Yayana ne. Ya ɓata mini rai yau, kuma shi ya buga muku kiɗa. Ku tafa masa, ni zan ji da sauran."

Aka tafa har da dariya. Yaya na kuka yana dariya, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Can bakin labule ta hango Umma. Ta toshe kunne ɗaya da yatsa saboda ƙara, ɗaya hannun kuma yana sama, tana juya shi ba bisa kiɗa ba ko kaɗan.

"Tar-tsa-tsi! Tar-tsa-tsi! Tar-tsa-tsi!"

Ta durƙusa ta taɓa katakon, ta miƙe ta juya. Sunan na bin ta har matakala.

*

Tana sauka mai taron ya wuce ta da gudu, babban mutum da tumbinsa, yana haki. Ya karɓe makirufon mai gabatarwa.

"Jama'a! Kun ga abin da na gani?"

"Mun gani!"

"To wallahi an gama! Daga yanzu har a tashi, duk wanda zai hau nan da bakinsa zai yi! DJ, kashe na'urar nan! Kun yarda?"

"Mun yarda!"

"Sai mu ji wadda ta ce a buɗe baki a gaban jama'a! Ga jama'a, ga dandamali! Kurciya, bismilla!"

Tartsatsi na ƙasan matakala, bayan labule, tana mayar da numfashi. Sai ta ji an riƙe mata hannu.

Hannun sanyi ƙalau.

Ta juya. Farar riga mai ƙyalli, dogon gashi, baƙin tabarau. Rabon da su tsaya kusa haka tun ranar da suka raba waƙa.

"Sake ni," in ji Tartsatsi. "Ana kiranki."

Kurciya ta cire tabarau. Idanunta sun kumbura.

"Ƙawata..."

Da kyar kalmar ta fito. Iska ce kawai da ɗan kaushi.

Tartsatsi ta tsaya cak.

"Me ya sami muryarki?"

"Irin naki ne." Ta matso sosai, bakinta ya kusa taɓa ƙirjin jar rigar. "Tun kafin naki. Likita ya ce a yi aiki, tsoro ya hana ni. Duk wasan da na yi bana, ban rera ko baiti ɗaya ba. Na'ura ce."

"Amma kika rubuta..."

"Don kada a kalle ni. Na ce in ana kallonki, ba za a kalle ni ba." Ta ƙara damƙe hannun. "Ki rufa mini asiri. Ki hau tare da ni, ki ce mun shirya, ki yi baitina. Don Allah. In suka sani na mutu."

Na mutu.

Kalmar ta dawo musu daga waje, da ƙarfi, daga manyan lasifika.

Sai a lokacin Tartsatsi ta lura filin ya yi tsit. Babu tafi, babu fito, babu ko tari.

Ta dubi hannunta.

Makirufon yana nan a riƙe, daidai ƙirjinta, tsakaninta da bakin Kurciya.

Koriyar fitilarsa a kunne.